Ƙafar Baba da Yinin da Na Yi a Granada

Jiya da hantsi mai gyaran famfo ya bar ruwa yana bin magudanar tsakar gidana a garin Madani, kudu da Khartum, sai na tsinci kaina tsaye da kofin shayi a hannu ina sauraro. Ƙara ce 'yar ƙarama, ta ruwan da aka nuna wa hanya yake bi ba gardama. Wuri biyu na san ta sosai: bakin gonar audugar da Baba ya noma ina yarinya, da wani tsohon birni a ƙasar Sifen inda na taɓa yini ina yawo da ƙafa. Bari in ba ka labarin yadda wuraren nan biyu suka haɗu a raina.

Ƙauyenmu yana kan hanyar Makwar, gidajen laka ne jere a gefen tur'a, wato babbar hanyar ruwan da ke fitowa daga madatsa. Gonar da Baba ke nomawa, hawasha kamar yadda kowa ke cewa, ba tasa ba ce. Ta wani Balarabe ce mazaunin birni, in an yi girbi su raba. Ƙasar Jazira baƙa ce mai danƙo. In ta sha ruwa sai ta riƙe ƙafar mutum kamar ba za ta saki ba, in ta bushe ta tsattsage, ƙayar bagaruwa ta ɓuya cikin tsagar. Baba ba ya sa takalmi a gona, kuma ba shi kaɗai ba.

Da la'asar sakaliya, in ya dawo ya zauna kan angarib, gadonmu na igiya, a ƙarƙashin rumfa, Inna takan miƙo mini allura in cire masa ƙaya. Tafin ƙafarsa kauri gare shi, ga faso, yana warin laka da ɗanyen ganyen auduga. Ina tono yana ba ni labarin kakanninsa da suka taso daga ƙasar Sakkwato a ƙafa, da niyyar Makka, har ƙarfinsu ya ƙare a bakin kogin da madatsar ta tare. A gidanmu tafiya ba ta rasa dalili: gona, kasuwa, gaisuwar mutuwa, ko hajji. Ban taɓa jin an ce wani ya fita don kawai ya kalli gari ba.

Shekarar da na ci jarrabawar shiga makarantar 'yan mata a Sinnar, Baba ya yi damina guda yana cewa in an tsinke auduga zai sayi dogon takalmin roba irin na masu buɗe ruwa. Ya tafi kasuwa, ya dawo da baƙin takalmin makaranta mai maɗauri, daidai ƙafata. Inna ta tambaye shi ina nasa, ya ce ƙafarsa ta saba. Na yi murna irin ta yara, na kwana da takalmin a gefen matashina.

Kumburin ya fara ne bayan wasu shekaru, ɗan ƙulli a bayan ƙafarsa ta hagu, ba zafi ba raɗaɗi. Wanzami ya yi masa sakiya, kumburin ya lafa, ya sake dawowa. Ni kuma ina can ina karatu, daga Sinnar na wuce jami'a a Madani. Sai da na kai shekarun ƙarshe na karatun likita na zo hutu, na ɗauki ƙafar a hannuna kamar dā, na ga ƙananan ramuka suna fitar da baƙaƙen ƙwayoyi kamar riɗi. Na san sunan abin. Larabawa suna ce masa nabit, ƙwayar cuta ce da ke zaune a ƙasa, ƙaya ke shigar da ita jikin manomi. Kafin mu kai shi asibiti ta riga ta ci ƙashi. A ƙasan gwiwa aka yanke.

Malamina ne ya ɗauki hoton ƙafar kafin aikin, shi ne kuma ya ce in mai da hankalina kan wannan ciwo tunda na san mutanen da yake kamawa. Na yi shekaru ina bin ƙauyuka, har aka gayyace ni wani taron likitoci a Granada in yi bayani. Na je neman iznin Baba in nuna hoton. Ya yi dariya har ya tafa cinyarsa.

"Kai ta, ɗiyata," ya ce. "Ni ban wuce Khartum ba, bari ita ta ga duniya."

Haka ƙafar Baba ta bayyana a jikin bango, ta fi ni tsawo, a gaban baƙin da ba su taɓa taka laka ba. Aka tafa mini. Washegari babu zaman taro, jirgina kuma sai jibi. Sai na fita.

Mai karatu, ba zan rage komai daga daɗin ranar nan ba. Iska mai sanyi ce, sama tas, ga ƙanƙara fara fat a kan duwatsun da ke bayan gari. Na bi ƙananan lunguna masu daɓen dutse, fararen gidaje kusan suna gogar kafaɗata. Wata tsohuwa tana ba furanninta ruwa daga taga ta ɗaga mini hannu. Itatuwan lemo ne a bakin titi, 'ya'yan suna faɗuwa ƙasa babu mai tsinta. Na zauna na ci burodi mai zafi da man zaitun, na sha gahawa, ban duba agogo ba. Na hau tudu zuwa jar fadar da sarakunan Musulmi suka bari, inda rubutun Larabci ya lulluɓe bango. Masu yawon buɗe ido suna jiran a fassara musu, ni kuwa ina karantawa da kaina, har na ji wani ɗan alfahari. Ko'ina ruwa ne yake gudu a siraran hanyoyi, tsakiyar ɗaki, gefen matakala, ƙarƙashin itatuwa. Na sauko, na sake hawa wani tudun, na yi azahar a wani masallaci mai lambu, na ɓata hanya da gangan don in ga inda lungu zai kai ni. Tunda nake ban taɓa jin jikina sakayau haka ba.

Wajen la'asar na zauna a kan wata katanga ina kallon fadar daga nesa. Wani saurayi yana kaɗa garaya irin tasu. Na cire takalmi, na ga dunduniyata ta yi bororo, sai na ji bakina ya ce da Hausa, "Wash, ƙafata."

Kalmar ce ta tsayar da ni. Tun safe har zuwa wannan lokacin ban tuna da Baba ba ko sau ɗaya. Ƙafarsa ce ta kawo ni garin, ni kuma na yini ina kashe nawa ƙafafun a banza, don daɗi kawai, har ina kuka da su. Na san abin da ilimi ya ce: babu mai iya nuna wace ƙaya ce, ko wace shekara, kuma laka kan cire wa mutum dogon takalmin ma. Na sha faɗa wa iyalan marasa lafiya haka. A kan katangar nan maganar ba ta yi mini amfanin komai ba. Na koma masauki a mota.

Da na dawo ƙauye na tarar da shi a rumfa, ƙafar roba jingine da angarib don tana gurje masa dungulmi in ana zafi. Ya tambaye ni yadda garin yake. Na ce aiki ne kawai, daga ɗakin taro sai masauki. Ya ce to, ya juya carbinsa.

Inna ce ta same ni a madafa tana tuyar kisra, siririyar wainar dawa. Ta ce tun tafiyata yake gaya wa abokan zamansa na ƙofar masallaci cewa ɗiyarsa ta tafi Andalus, tsohon sunan yankin Granada, za ta kawo labari, yanzu me zai ce musu. Ba ta ɗago ta dube ni ba.

Washegari da safe na kai masa jabana, wato gahawa, na zauna a ƙasa kusa da shi, na fara tun daga ƙofar masauki. Bai bar ni na tsallake lungu ko ɗaya ba. Da na zo kan ruwan fadar sai ya gyara zama, ya tambayi daga ina yake gangarowa, wa ke buɗe shi, kuma ko na ƙarshen hanya yana samun rabonsa. Na ce ban tambaya ba.

"Yini guda kina yawo, ba ki tambayi mai buɗe ruwa ba?" ya ce, yana girgiza kai. Amma fuskarsa cike take da fara'a.

Na gaya masa komai, ban da zaman katanga.

Baba ya rasu bayan 'yan shekaru. A zaman makoki wani tsoho abokinsa ya sa aka kira ni bakin zaure, ya ce yana so ya ji daga bakina ko gaskiya ne akwai garin da lemo ke zuba a titi. Ashe Baba ya ba da labarin nan sau ba adadi, ya ƙara masa ƙofofi da rijiyoyin da ban gani ba, har wasu yara sun ɗauka shi ya je.

Yanzu samarin ƙauyen suna ganin irin waɗannan birane a wayoyinsu, da Larabci suke hirarsu, babu mai zama ya jira matafiyi ya dawo da labari. Ni ma an sake gayyata ta wurare, nakan je in yi bayanina, kuma abokan aiki sukan ce in zo mu zaga gari. Wani lokaci nakan bi su. Ina kallo, ina tambayar abin da ya kamata a tambaya, ina haddace sunayen tituna, sai a hanyar dawowa in tuna babu wanda zan kai wa.