Don Chencho da Karen Kan Rufi

Kafin Doña Eufrosina ta gama kafa tukunyar tamal ɗinta a bakin kwana, wato ƙullin masarar nan da ake naɗewa a ganye a turara, za ka ji ƙarar keken Don Chencho yana gangarowa daga saman unguwarmu ta Loma Chica, a nan Oaxaca. Keke ne mai ƙafa uku, an ɗaure masa dogon tsani a gefe, ga bokiti biyu, ga burushi mai doguwar ƙota, ga wata 'yar jaka da ba ta rabuwa da wuyansa. Cikakken sunansa Crescencio Zárate, amma in ka nemi wannan sunan a unguwa sai an yi ta kallonka. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana wanke tankunan ruwan da ke kan rufin gidajenmu. A watan jiya ya ajiye tsani don gwiwoyinsa sun ƙi, ni kuwa na ce ba zai sauka shiru ba muddin ina da alƙalami.

'Yar jakar nan ba kayan aiki ne a ciki ba. Dafaffiyar hantar kaza ce da gutsattsarin tortila, gurasarmu ta masara. Mai hawa rufi yana ganin abin da mu na ƙasa muke kau da kai a kansa, wato karnukan da muka ɗora sama tun suna 'yan kwikwiyo don su yi wa ɓarayi haushi, muka juya muka ci gaba da harkarmu. Mun san muryar kowannensu, amma ba mu san fuskar ko ɗaya ba. Don Chencho ya san su duka. Ya cire musu kaska, ya yi musu inuwa da tsohon kwano, ya yi wa masu su magana cikin raha har kunya ta kama su. Waɗanda aka yasar kuwa, ya lallaɓo su ƙasa ya nema musu gida. Matarsa Doña Herlinda ta ce ta daina ƙirga tun a na arba'in.

Doka ɗaya gare shi: ba ya ɗauko kare, sai dai kare ya sauko da ƙafarsa. Bai koyi wannan da daɗi ba. A farkon aikinsa ya taɓa cusa wata karya a buhu ya sauko da ita, yana ta murna ya yi abin kirki. Yana kwance bakin buhun, ƙafarta ta taɓa ƙasa, abin da ba ta taɓa takawa ba, ta firgita ta faɗa titi, mota ta bi ta kanta. Har yau in zai ba da labarin sai ya cire hula.

To ga wanda ya rufe aikinsa da shi. A kan rufin gidan marigayi Don Nabor akwai wani kare da unguwa ke kira Zopilote, sunan ungulu a wajenmu, don ƙazwa ta cinye gashinsa, kuma kullum yana tsugune a bakin rufi yana leƙen mutane. Shekara tara yana sama, gidan kuma ko matakala babu, sai da tsani ake hawa. Idonsa ɗaya ya yi fari, faratansa sun lanƙwashe har suna shiga nama, zafin siminti ya toye masa tafin ƙafa. Ya ciji mai gyaran eriya, ya ciji mai zuba gas. Da Don Nabor ya rasu, maƙwabta ne ke jefa masa sauran abinci a leda. Sai 'ya'yan marigayin da ke can arewa suka sayar da gidan, wanda ya saya kuma ya turo magina su rushe shi.

Shugaban maginan bai yi ɓoye-ɓoye ba. "Don Chencho, ni ba mugu ba ne. Washegarin bikin sa wa dabbobi albarka za mu sa guduma. In yana sama, zan kira masu kamun karnuka. Kai ma ka san karen da ya ciji mutum biyu ba ya dawowa daga wajensu."

"Kwana nawa ke nan?"

"Arba'in."

"Ya isa. Ita ma Herlinda a kwana talatin na shawo kanta."

"Ƙarya kake, tsoho," in ji Doña Herlinda daga bayansa. "Shekara biyu ka yi kana sintiri a ƙofar gidanmu, kuma ni ko ƙazwa ba ni da ita."

Tun daga ranar, kowace safiya sai ya hau, ya kifa bokiti ya zauna, ya juya wa karen baya. Ba ya kallonsa, ba ya kiransa. Karin kumallonsa kawai yake ci, yana jefa hanta ta bayan kafaɗa, da ƙwayar maganin da likitar dabbobi, Doctora Nayeli, ta ba shi a cuse a ciki. Zopilote ya yi gurnani har muryarsa ta dushe, tsohon bai ko waiwaya ba. A rana ta goma ya ji hanci mai sanyi a bayan rigarsa. Ya ce zuciyarsa ta kusa tsalle ta fito, amma ya ci gaba da tauna tortilarsa.

Sau ɗaya likitar ta hau da kanta. Ta ba karen maganin barci, ta yanke faratan, ta wanke gyambunan. Da ta gama ta dube shi a kwance sharaf.

"Don Chencho, ga shi fa ya yi barci. Mu naɗe shi a bargo mu sauka, mu huta."

"'Yata, in ya farka a duniyar da bai sani ba, duk wanda ya fara gani shi zai ciza. Daga nan wa zai karɓe shi? Ki bar shi ya san inda za shi tukuna."

Washegari unguwa ta ga abin da ba ta taɓa gani ba. Don Chencho ya cika bokiti da ƙasa daga lambun matarsa, ya hau tsani da shi. Ya sauko ya sake cikawa. Mutum mai shekara sittin da takwas, gwiwa na ƙara kamar tsohuwar ƙofa, yana jigilar ƙasa zuwa kan rufi. Doña Eufrosina ta riƙe ƙugu ta ɗaga kai.

"Don Chencho, masara za ka shuka a can? In ta nuna ka tuna da ni, ina sayen ganyen."

"Ba masara ba ce, Doña. Wannan bawan Allah bai san ƙasa ba. Tunda ba zai zo wajenta ba, ita za ta fara kai masa gaisuwa."

Aka yi dariya har da riƙe ciki, ni ma na yi, ba zan ɓoye ba. Ya shimfiɗa ƙasar a kusurwar rufi, ya kawo ciyawa da saiwarta ya dasa. Kwana huɗu karen yana kewaye wurin yana yi masa haushi. A na biyar ya ɗora ƙafa ɗaya ya janye. A na shida Don Chencho ya tarar da rami a tsakiya, da kare a kwance cikinsa, hanci duk turɓaya. Ya leƙo daga bakin rufi yana kaɗa hula yana cewa, "Ya yi tono, jama'a, ya yi tono." Waɗanda suka yi masa dariya su ne suka fara tafi.

Daga nan aikin ya zama na kowa. Fulgencio kafinta, wanda ya riƙe wa su Don Chencho 'yarsu a baftisma har suke kiran juna compadre, ya ce zai haɗa gangare daga rufi zuwa tsakar gida. Wannan ya kawo tsohuwar ƙofa, wancan ya kawo katakon gado, wata ta cire murfin kabad ɗinta. Da aka gama, Don Chencho ya barbaɗa ƙasa a kan katako na farko kawai. Washegari ya ƙara na biyu. A rana ta talatin da uku Zopilote ya kai rabin hanya, gashi ya fara tsiro masa a wuya, yana cin hanta daga tafin hannu.

Sai dai Fulgencio ba kafinta ne kaɗai ba. Shi ne mai harba rokokin biki a unguwarmu, kuma mutum ne da ba ya iya ganin sabuwar roka ya bar ta. Da yammacin ranar ya ce bari ya gwada guda ɗaya. Ƙarar ta tashi daidai lokacin da karen ke tsakiyar gangaren. Ya kai wa hannun da ke ba shi abinci cizo, ya koma sama da gudu ya ɓuya bayan tanki.

Doña Herlinda na ɗaure wa mijinta hannu Fulgencio ya shigo, hula a hannu, kai a sunkuye.

"Sannu, compadre," in ji ta. "Ka gina da hannun dama, ka rushe da na hagu. Ko akwai sauran rokar ka harba mana a ɗaki?"

"Comadre, ki yi mini duk abin da kika ga dama."

"Bar shi, Herlinda," in ji Don Chencho. "Karen ma ba ni ya ciza ba, ƙarar ya ciza, hannuna ne ya shiga tsakani. Abin da ke damuna, saura kwana bakwai, kuma ranar ƙarshe ita ce ranar biki da compadre ke harba roka ɗari."

Kwana uku Zopilote bai fito daga bayan tanki ba. Don Chencho ya koma kan bokitinsa, ya juya baya, ya sake farawa daga farko da hannu a naɗe. A nan ne na ga tsoro a fuskarsa, kuma na ji tausayinsa ƙwarai. Fulgencio kuwa ya bi gida-gida yana magana da mutane a hankali.

Ranar biki ta zo. Duk wanda ya san unguwarmu ya san tun asuba ake fara harbi, amma ranar gari ya waye ko tari ba ka ji. Masu bushe-bushe sun tsaya a bakin layi da kayansu a hammata. Mutane sun fito da aku, da akuya mai jan ƙyalle a wuya, da kyanwa a kwando, za su coci, sai duk suka tsaya daga nesa. Doña Eufrosina, wadda ake jin tallarta daga layi uku, raɗa take yi wa masu saye. Loma Chica ta yi shiru ranar biki saboda kare mai ƙazwa, kuma da idona na gani.

Don Chencho ya fara saukowa da baya, a durƙushe kan gwiwoyin nan nasa, yana barbaɗa ƙasa da hannun da ba a ciza ba. Zopilote ya leƙo. Ya taka ƙofar farko, ya taka katakon gado, ya tsaya inda roka ta same shi yana rawar jiki. Tsohon ya juya baya ya zauna. Can sai ga hanci a bayan rigarsa. Suka ci gaba. A katako na ƙarshe karen ya daɗe a tsaye, har Fada da ya biyo sawun jama'arsa ya daina duba agogo. Sannan karen ya miƙa ƙafa ɗaya, ya janye, ya sake miƙawa, ya sauke sauran ukun. Ya shinshina, ya sa farce ya yi tono, ya kwanta ya yi birgima a tsakar gidan Don Nabor. Don Chencho ya rufe fuska da hula, kafaɗunsa na girgiza.

"Yanzu in harba?" in ji Fulgencio cikin raɗa.

Doña Herlinda ta dube shi kawai, ya mayar da ashanar aljihu. Fada ya matso a hankali ya yayyafa wa karen ruwan albarka daga bakin ƙofa, ya ƙara wa tsohon nasa. Washegari magina suka sa guduma a kan rufin da babu kowa.

Don Chencho, gwanin tsani, kai ne ka hau inda muka ajiye abin kunyarmu ka zauna tare da shi. Kai ne aka ciza ka koma da hanta a jaka. Ka wanke mana tankuna shekara talatin da ɗaya, ba mu taɓa tambayarka me kake gani a can sama ba. Mun gode, kuma mun ji kunya, duka biyun gaskiya ne.

Yanzu Zopilote yana gidansu. Gashinsa ya fito, ashe ja ne, babu wanda ya sani. Idon bai warke ba, kuma in an yi harbi har yanzu ƙarƙashin gado yake shiga, Don Chencho ya zauna a ƙasa ya juya masa baya har ya fito. Ya tone wa Doña Herlinda barkono sau uku, tana ta faɗa tana ajiye masa hanta. Ko dakalin ƙofa ba ya yarda ya hau, shi ma Don Chencho likita ya hana shi hawan tsani, sai ka gan su da hantsi suna zagaya layi, duk su biyun suna ɗingishi.

Amma ku tsaya a ƙofar gidanku da yamma ku saurara, har yanzu akwai haushi a sama. Tsanin Don Chencho yana jingine a bakin ƙofarsa, bokitin yana gefe, kuma ya ce bai sa musu kwaɗo ba. Ƙasar kawai za ku nema da kanku, don Doña Herlinda ta ce lambunta ya ba da nasa.