Kunnuwan Buhu a Tsakiyar Teku

Kwana biyu da tashinmu daga Kalaba za mu Gabon, injin jirgin ruwan ya yi tari sau uku ya mutu. Matuƙin ya sa aka ɗaga wani tsohon tamfol a kan sanda don iska ta tura mu. Iskar kuwa ta tsaga shi gida biyu.

Ni ɗan Safana ne, amai nake tun safe. Amma na shekara goma ina ɗinke buhunan gero a kasuwar Batsari, basillata kuma ba ta barin aljihuna. Na zauna na haɗe tamfol ɗin tsaf. Sai da na gama na ga abin da hannuna ya saba: ya bar kunnuwa biyu a sama, irin waɗanda ake kamawa a jefa buhu a mota.

Ma'aikatan jirgin suka yi ta dariya, raina ya ɓaci. Matuƙin dai ya ja kunne ɗaya da ƙarfi, ya ɗaura masa igiya, ya ce in ƙara biyu a ƙasa.

Kunnuwan nan huɗu suka kai mu gaɓa, har da masu dariyar.