Zanen Guzurin da Aka Ba Ni Aro

Shekarun baya, lokacin da shari'a take sabuwa a jiharmu, na samu gurbi a wata gasar gudu ta cikin Sahara. Ba irin gudun da ake yi da safe a dawo a sha koko ba ne. Kusan mako ake yi ana keta rairayi, kuma dokarsu ita ce komai naka yana bayanka, daga abinci har abin kwanciya. Ruwa kawai suke ba ka. Ni kuwa ɗan masunta ne daga Kaoje, na buɗe ido na ga kogi a ƙofar gida. Da labari ya bazu, har masu jin nauyina sai da suka dara.

Na fara shiri da abin da nake da shi. Tela ya ɗinka mini wando mai wuce gwiwa, don a lokacin ba ka isa ka fito da cinya a waje ka tsira daga bakin mutane ba. Na cika jaka da yashin bakin kogi, kullum in goya in kama hanyar iyakar Benin da gudu. Wata rana wani jami'in bakin iyaka ya tare ni, yana murna ya kama ɗan fasa-ƙwauri. Ya zuge jaka, ya tsoma hannu, ya ɗago ya dube ni.

"Malam, duk abin da ake ƙetarowa da shi, kai yashi ka zaɓa?"

Tun daga ranar, in na ɓullo sai su hau tafi suna kiran mai yashi.

Amma abin da ya fi yashin nauyi yana cikin gida. A gidanmu ba mai tafiya mai nisa sai mahaifiyata ta ɗaure masa guzuri a zanenta, kuma shi zai dawo mata da zanen hannu da hannu. Albarkarta ke nan, ba ta da wata. Tun da mahaifinmu ya tafi su, wato kamun kifi, da zanenta, jirginsu ya kife bai dawo ba, ba ta sake ɗaure wa kowa ba. Ƙannena in za su kogi sai dai su zuba garinsu a leda su fita.

Da na shimfiɗa tabarma ina haɗa kaya, ta zo wucewa. Ga dabino, ga kilishi, ga man kaɗanya na shafa ƙafa, ga takalmin da aka ɗinka wa ƙyalle don kada rairayi ya shiga. Komai sai na ɗora a sikelin da na aro, har asawaki sai da na rage masa tsawo. Ta tsaya a kaina.

"Mi kaka biɗa wurin da babu ruwa? Ubanka ruwa ya sani, ruwan kuma bai bar shi ba. Kai wa ka sani can?"

Na ce, "Inna, in ba ki ɗaure min ba, ba ni tahiya."

Ta wuce abinta. Ni ma ba cika baki na yi ba, na rataye jakar a ƙusa. Abokina da muke atisaye tare, wanda ya sha wahalar nema mini takardun tafiya, ya ce lallai rana ta taɓa mini kai tun ban je Sahara ba.

Ana gobe tafiya, da hantsi, na ji daka a tsakar gida. Na leƙa, sai ga ta ta zare ƙayar bandar kifi tsaf, tana kirɓawa da ƙuliƙuli da yaji. Ta gama, ta shiga ɗaki ta fito da wani tsohon zanen saƙi, ta juye garin ta ƙulle. Ta miƙo mini.

"Aro na, ba kyauta ba. Hannun da yak karɓa shi ka maido min."

Na durƙusa na karɓa.

Sai dai zanen saƙi ba ya wasa da sikeli. Abokina ya ɗaga shi ya ce, "Juye garin ga leda, ka bar zanen gidana. In ka dawo ka ɗauka ka kai mata, wa zai sani?" Na ce ni zan sani. Na fitar da rigar canji da silifas da rabin dabinon, na cusa zanen a madadinsu.

Ba zan yi muku ƙarya ba, Sahara ta koya mini hankali. Ƙafafuna suka yi bororo, riga ɗaya ta bushe a jikina kamar fatar ganga. Akwai ranar da na zauna ina kallon motar da ke kwashe waɗanda suka sare, har na fara ɗaga hannu. Zanen na naɗe a kaina saboda rana, iska ta kaɗo mini warin hayaƙin banda. Na ce wallahi zanen mahaifiyata ba zai shiga motar nan ba. Na dama garin kifi da ruwan da ya rage, na sha, na miƙe. Ina cikin na ƙarshe-ƙarshe da suka isa, amma da ƙafata na isa.

Da na dawo Kaoje na miƙa mata lambar yabon da suka rataya mini, ta ajiye gefe ko kallo ba ta yi ba. Na miƙa zanen. Ta warware, ta juya shi, ta ce, "Ko wanki ba ka yi mai ba." Sai ta kifa fuskarta a ciki, ta daɗe ba ta ɗago ba.

Har yau in aka tambaye ni abin da na fi alfahari da shi, ba na kawo zancen rairayin da na keta. Lambar ma ban san inda yara suka jefa ta ba. Abin da ke faranta mini rai shi ne, da damina ta ja baya ƙanena ya tashi tafiya su, yana neman leda, sai muka ji muryarta daga ɗaki:

"Aje ledar nan. Kawo garin in ɗaure ma."