Abin da Tilde Ta Tono a Bango

Matata Tilde ba ta taɓa yi wa kowa hassadar kuɗi ba, wannan ko a gaban alƙali zan faɗa. Ƙofa take yi wa hassada, ƙofar shagon ƙanwarta Nives, kuma ta yi ta tun tana da baƙin gashi har ya koma fari.

Mahaifinsu, Baba Oreste, shaguna biyu ya bari a cikin tsohon garin Genova. Ɗaya yana bakin ɗan filin da ke gaban coci, inda rana ke sauka tun hantsi. Ɗayan yana cikin lungunmu, wanda in ka buɗe hannuwa za ka taɓa bangon hagu da na dama, rana kuwa sai dai mu ji labarinta a bakin masu wucewa. A saman ƙofar shagon fili akwai wani baƙin dutse da aka sassaƙa tun zamanin kakannin kakanni, Waliyyi Giorgio a kan doki yana soke dodo da mashi. Shagon lungu ba shi da ado ko na sisi. Amma a cikinsa tanderun yake, na itace, tare da faffaɗan kaskon jan ƙarfe da tsohon ya ƙare rayuwarsa yana gasa farinata, wainar garin wake ta garinmu, a ciki. Da ciwon ajali ya kama shi sai ya ce, "Babba ta ɗauki wuta, ƙarama ta ɗauki ƙofa." Shi a ganinsa ya fifita babbar. Ita kuwa tun daga ranar take ganin an cuce ta.

Ni ne Gildo, mijinta. Dako na yi a tashar jiragen ruwa har bayana ya ce ya gaji, na dawo ina faskara mata itace. Don haka abin da zan faɗa ba jita-jita ba ce. A duk tsohon gari babu mai farinata irin ta Tilde. Abin ba wani sirri ba ne: garin wake, ruwa, gishiri, man zaitun. Sauran aikin na wuta ne, kuma Tilde ta san wutar nan fiye da yadda ta san ni. Takan miƙa hannu a bakin tanderu ta ce, "Da saura," ko ta ce, "Yanzu." Sama ya fito da ƙanzo ja, ciki da laushi. Duk hannayenta tabon ƙuna ne har gwiwar hannu. Masu dako, direbobin bas, tsofaffin matan unguwa, kowa a tsaye yake ci a cikin takarda, yana hura yatsu, yana gunaguni cewa yankan ya ragu. Mu mutanen Genova in ba mu yi gunaguni ba abinci ba ya wuce mana.

Amma baƙi ba sa shigowa lungunmu. A fili suke tsayawa, su ɗaga kai su kalli Waliyyi Giorgio, su ɗauki hoto, wuya ya gaji, su waiga su ga tebura da fararen ƙyallaye, su zauna. Nives ta fito da murmushinta ta kawo musu farinata daga tanderun lantarki, fara fat kamar wadda ta yi jinya, su ci su lumshe ido suna cewa yau sun ci abincin asali. Tilde tana tsaye a bakin lungu, hannu a ƙugu, tana kallon komai.

"Dubi wancan mai jar hula," takan ce min. "Har da suɗe yatsa. Kwali yake ci bai sani ba."

Ni ma ba zan wanke kaina ba. Fulvio, mijin Nives, yakan zauna a ƙarƙashin dutsen nan da rigarsa a goge, ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana ba baƙi tarihi kamar shi ya soke dodon. Ni ina wucewa da itace a kafaɗa. Ina jin haushinsa har cikin haƙorana.

Abin da ya fi ci wa Tilde rai shi ne, kullum da rana Fulvio sai ya zagayo lungu ya sayi yanki biyu, na gefen kasko inda ya fi ƙanzo, ya naɗe ya tafi. Tilde ta ce sadaka suke kawo mana, don a ce suna taimakon 'yar'uwa matalauciya. Takan miƙa masa ba tare da ta dube shi ba.

Wata shekara aka yi damina mai tsawo, bangon da tanderu ya jingina da shi ya sha danshi, wani ɓangaren yaɓe ya faɗo. A ƙarƙashinsa muka ga farin dutse a kwance, da baƙin dutse a kansa, da wani farin kuma a sama. Duk wanda aka haifa a garin nan ya san abin da wannan ke nufi. A da, manyan gidaje kaɗai ake bari su yi wa bangonsu zanen fari da baƙi. Tilde ta tsaya tana kallo har kasko ya kusa ƙonewa.

Na kira Remo magini, abokina tun muna yara. Ya leƙa, ya ja tsaki, ya fara kwaɓa siminti.

"Me za ka yi?" in ji Tilde.

"Zan rufe, kafin wani ya gani."

"Ka rufe? Buɗewa nake so ka yi."

Remo ya ajiye cokalin gini. "Tilde, ke ba baƙuwa ba ce. A garin nan ba a kankare bango. Kin manta wanzamin lungun ƙasa? Ya tono hoton mala'ika a bayan madubinsa, yau ko ƙusa ba ya iya kafawa sai ya nemi izini. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kuma dubi nan, bututun hayaƙinki ta cikin bangon nan ya bi. In mutanen ofishin tsofaffin gine-gine suka ga haka, wutarki za su fara tambaya."

"Ai kai kullum tsoro."

"Ni dai na faɗa. Gildo, kai shaida ne."

Ta bari ya rufe, ba don ta so ba. Da an bar ta haka, da yau ba ni da labari. Amma bayan 'yan makonni sai ga Nives ta shigo lungu da kanta, abin da takan yi shekara ba ta yi ba, tana ɗaga siket kada ya taɓa toka. A hannunta akwai katin hoto irin wanda baƙi ke saye su aika gida. Ƙofarta ce a jiki, da Waliyyi, da ita a tsaye a ƙasa riƙe da faranti.

"Yaya, kin gan ni? Wai har a tashar jirgin ƙasa ana sayarwa."

Tilde ta karɓa, ta riƙe shi nesa da fuska. "Dodon ya fito da kyau."

"Kai Yaya, ba kya canzawa." Ta juyo gare ni. "Gildo, kai ma ka fito, ga kafaɗarka can a gefe da itace."

"Na gode, uwar ɗakina," na ce. "Ki ce su biya kafaɗar."

Na san Nives ba da mugunta ta zo ba. Ita haka take, in ta ji daɗi sai ta nuna wa yayarta, tun suna ƙanana. Amma ranar Lahadin da ta biyo baya, shago a rufe, Tilde ta ɗauko guduma da kurfi ta tsaya gaban bango. Ban hana ta ba. Ni na riƙa kwashe ɓaraguzan a buhu, ina ta hango fuskar Fulvio a raina.

Abin da ya fito ya fi ƙarfin abin da muka zata. Baka ne na gini, cikakke, fari da baƙi, ya taso daga kan wani siririn ginshiƙi mai ganyaye a kansa, ya lanƙwasa ta saman tanderu ya sauka a wajen ƙofa. Ashe duk shekarun nan a ƙarƙashin rumfar wani attajiri muke soya fuska. Hayaƙi ya ɓata rabinsa, amma kyansa bai ɓoyu ba. Tilde ta zauna a kan buhun gari, ƙura har gira, ta ce, "Wannan ya girmi dokin Nives." Ban taɓa ganin farin ciki irin wannan a fuskarta ba, har da ranar aurenmu.

Ba ta tsaya nan ba. Ta kankare ta waje ma, don masu wucewa su gani. Ta sa fitila. Ta aike ni in gaya wa Fulvio ya zo ya ba da ra'ayi, tunda shi masanin tarihi ne. Ya zo, ya kalla, sannan ya ce, "Gildo, da kun bar shi a rufe." Na ɗauka baƙin ciki ne, na yi kwana uku ina jin daɗi.

Baƙi suka fara shigowa lungu. Ɗaya, biyu, sannan garke guda a bayan mai jagora. Tilde ta sayi sabon gyale. Takan leƙa fili ta ga teburan Nives da sauran wuri, ta dawo tana waƙa.

Sai wata mata ta zo daga ofishin tsofaffin gine-gine, siririya, mai ladabi, da ƙaramar tocila. Ba ta ɗaga murya ba. Ta daɗe tana duba inda bututu ya huda bakan, ta nuna mana tsagar da zafi ya yi wa dutsen, wadda ni ma da na duba na gan ta. Ta ci farinata yanki guda ta yaba. Sannan ta ce bakan nan dukiyar gari ce, za a gyara shi, kuma ba za a sake hura wuta a ƙarƙashinsa ba.

"To a canza wa bututun hanya," in ji Tilde.

"Ta ina, Uwargida? Sama ɗakunan mutane ne, gefe bangon wani ne."

"Ubana ya hura wutar nan, dutsen bai faɗo ba."

"Ubanki bai san yana nan ba. Mu yanzu mun sani."

Muka yi ta sintiri a ofishin, Remo ya zana wa bututun hanyoyi, babu wadda ta yiwu. Bai taɓa ce mana "na faɗa muku" ba, kuma shirun nasa ya fi zagi ciwo. Garin neman gira muka rasa ido.

Ranar wutar ƙarshe layi ya kai har fili. Babu baƙo ko ɗaya a ciki, duk 'yan unguwa ne, kuma ranar babu wanda ya yi gunagunin yanka. Can wajen ƙarshe na hango Nives a cikin layi, ba Fulvio ba, ita da kanta. Ba ta tsallake kowa ba. Da ta iso ta ce, "Na gefe, Yaya."

Tilde ta yanka mata. "Yau sadakar da ƙafarki kika kawo?"

"Wace sadaka?" Nives ta dube ta. "Abincin ranata ne. Kin taɓa ganin na ci tawa? Ta baƙi ce." Ta gutsura, ta tauna a hankali, a tsaye, kamar kowa. "Baba ya ba ki abin da ke hannunsa, ni ya ba ni dutse. Kullum in na ci wannan sai in ji kamar yana bayan shago yana tari. Yanzu kin kashe, don ke ma ki samu dutse." Ta naɗe ragowar a takarda ta sa a jaka. "To ga shi kin samu. Ya fi nawa kyau, ban musa ba."

Tilde ta juya ta shiga kankare kasko, wanda babu abin da ya rage a cikinsa.

An gyara bakan. An wanke hayaƙin tas, an toshe bakin tanderu da gilashi, an rataye kaskon a bango. Muna sayar da ruwan sanyi da burodin da ake kawo mana daga wani wuri, kuma gaskiya ciniki ya fi na da. Masu dako sun daina zuwa. Ni na daina faskare, tumbina ya fito, har rigata ake goge min yanzu. Tilde tana zama a kan kujera kusa da ginshiƙi, irin zaman da ta yi shekaru tana mafarkinsa.

Jiya wata yarinya mai jagora ta shigo da baƙinta. Ta nuna musu fari da baƙi, ta nuna ganyayen ginshiƙi, sannan ta nuna gilashin ta ce, "Nan kuma, a da can, akwai tanderu. Mutanen wancan lokacin a nan suke gasa abincinsu." Baƙi suka gyaɗa kai, suka ɗauki hoto. Wani ya roƙi Tilde ta ɗan matsa, tana tare masa kaskon. Ta matsa. Na ga ta ja hannun riga ta rufe tabon ƙunarta.

Da suka watse ta daɗe tana kallon bakin lungu, inda wani ɗan ƙamshi-ƙamshi ke shigowa daga fili.

"Ta Nives ko ba komai da zafi take fitowa," ta ce.

"Kwali ne fa, ke kika faɗa."

"Na sani." Ta laluba aljihun gaban rigarta. "Je ka sayo mana yanki biyu. Ka ce na gefe. Kada ka ce ni na aike ka."