Ƙauri a Bakin Tasha

Mai abincin nan ta bakin tasha ta kasa zama. Doguwa ce, ɗankwali a karkace, ludayi a hannu. Ta ɗanɗana miya, ta sake ɗanɗanawa. Duk wanda ta zuba wa, sai ta kafe shi da ido har ya haɗiye lomar farko.

"Ɗana, gishirin ya ji kuwa?" take tambayar wani direba.

"Haba Inna, sau uku ke nan. Ya ji!"

Ina zaton ciwo ne ya kashe mata hanci da harshe, take ɓoyewa kada masu saye su watse. Daga bencin da nake zaune, ƙauri ya ishe ni. Ita kuwa tana tsaye a kan tukunyar, tana yi wa direban murmushi.