Ni ce na kwance farar kazar Kaka

Har yau mutanen gidanmu cewa suke karen Oga Sunday makanike ne ya cinye farar kazar Kaka. Ba haka ba ne. Karen nan ko gashinta bai taɓa ba. Ni ce na kwance ta.

Shekarata tara lokacin, muna haya a Makera, Baba yana aiki a masaƙa a Kakuri. Kaka, mahaifiyarsa, ta taso daga ƙauye za ta zauna da mu, da kaji uku a kwando. Ko ruwa ba ta sha ba ta yage tsohon zani, ta ɗaure ƙafar kowacce a jikin turmi, ta watsa musu tsaki, ta zuba ruwa a kasko. Ta ce kwana uku za su yi a ɗaure, da magariba a kife su da kwando kusa da murhu. Sai kaza ta san inda take ci da inda take kwana ake sakinta, in ba haka ba tsohon gida za ta nema.

Ni ban iya jira ba, har gobe haka nake. Rana ta biyu na ga farar tana ta fizgar ƙafa, na ce wannan ai mugunta ce. Na kwance ƙullin. Ta bi ta lambatu ta fice, ko waiwaye babu.

Da la'asar gida ya kaure. Wani ya ce ya ga karen maƙwabcinmu Oga Sunday a bakin ƙofa. Baba ya fita a fusace, muna jiyo Oga Sunday yana cewa, "Haba Malam, Allah ya sani karena ba ya cin kaza!" Kaka dai ta ɗauki tsumman, ta juya shi, ta soke a ƙugu.

Bayan isha'i aka ɗauke wuta, muka zagaye murhunta tana gasa mana masara.

"Ku matso, tatsuniyar yau gajeriya ce. Ke Uwani, zo nan jikina," in ji Kaka. Na matsa jikinta.

Wai wata baƙuwar kaza ce aka ɗaure, wani hannu ya kwance ta kafin ta san gida. Duhu ya same ta a hanya. Ta je tsohon gida ba ta gane ba, ta juyo sabo ba ta gane ba. Muzuru ya bi ta, ya cire mata fiffike. Tun daga ranar, kullum magariba sai ta shiga gida-gida da sauran fiffike ɗaya, tana shinshina hannuwan yara.

"Ƙwas, ƙwas, ƙwas," in ji Kaka, tana ƙwanƙwasa tabarma da farce dab da ƙafata. "Wa ya kwance ni? Zo ka kai ni gida."

Ƙannena suka ƙanƙame juna. Ni kuwa na cusa hannuwana a hammata.

"Ba ta barin mutum sai ya faɗa da bakinsa," ta ce. Ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya. "Babu mai magana? To, ku tashi."

Na tashi tare da ƙannena. Na fi wata ina gudun tsakar gida da magariba. Ko ɓera ya motsa sai in ruga ɗaki. Oga Sunday ya ba da karensa aka tafi da shi. Shi da Baba ba su sake gaisawa ba har muka tashi daga gidan.

Da na girma sai nake jin haushinta, me ya sa ba ta zane ni kawai a wuce wurin ba? Makon jiya na sayo kaji biyu a gidana na Trikania, ina ɗaure su na gane. Kaka ta ga tsumman ba a yage yake ba, ta san kwance shi aka yi. Ba ta so ta tona ni a gaban Baba yana cikin fushi. Dama ta ba ni, tsoro ya sa na ƙi ɗauka, aka bar bawan Allah da laifi.

Kaka ta rasu, amma Oga Sunday yana nan a garejinsa na Kakuri. Ran Asabar zan ɗauki babbar kazar in kai masa, in faɗa masa da bakina. Daga can sai gidan Baba, shi ma ya ji gaskiya.