Tudun Rezo

Har yau idan na ji wani yana cewa Nijar da Nijeriya duk gida ɗaya ne, sai in ce masa ya tsallaka iyaka da wayarsa a kunne, sannan ya dawo mu yi magana. Ni na tsallaka. Kafin motarmu ta bar Konni, ɗan katin da ke cikin layina na gida ya narke ba tare da na kira kowa ba, sai wani saƙo da ya shigo yana yi mini barka da zuwa. Na yi tsaki har matar da ke kusa da ni ta waiwayo.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni Tahoua ba. Mahaifina mutumin Adar ne, daga wani ƙauye gaba da Barmou. Ya bar garin tun kafin a haife ni, ya zauna a Zariya yana gadi a wata makaranta, bai sake komawa ba. Abin da muka sani kawai shi ne ya taɓa gaya wa yayansa wata magana a gaban jama'a, washegari ya ɗauki jakarsa. Ko mahaifiyarmu ba ta san wace magana ba ce. Da ciwo ya kwantar da shi, ɓarin jikinsa ya shanye, sai ya daina zancen komai sai yayan nan. Ya aika saƙon baki sau biyu, ba amsa.

"Idan ya ga fuskata ba zai iya ƙi ba," in ji shi. "Ki kai masa fuskata, in roƙe shi gafara."

Muka shirya. Ranar Juma'a da hantsi ƙanwata za ta zaunar da shi ta riƙe masa waya, ni kuma in riƙe wa baffa, yayan nasa, tawa wayar a can, a yi kiran bidiyo. Aikina ke nan gaba ɗaya, kuma ba ya buƙatar komai sai data.

Ɗan baffan nawa ne ya tare ni a tashar Tahoua. Magidanci ne, yana kabu-kabu da babur a cikin gari, mai yawan dariya ba dalili. Tun daga gaisuwa na ji bai kwanta mini ba. Ya kai ni wurin masu canji, na miƙa damin nairar da na yi wata uku ina tarawa daga albashin koyarwa, aka miƙo mini 'yan takardun sefa da ba su cika tafin hannu ba. Na tsaya ina kallon mutumin ko zai ƙaro. Ya riga ya juya ga wani.

Daga nan muka shiga zagayen rumfunan masu sayar da layi, rana tana dukan tsakar ka. A rumfar farko aka ce in kawo katin shaida. Na kawo nawa, mai rumfar ya juya shi gaba da baya kamar na ba shi ganye.

"Wanga ba namu na ba, Hajiya. Ba a buɗa pis da shi nan."

Pis shi ne layi, na koya da ɓacin rai. Data kuma forfe, sabis kuwa rezo. Hausa muke yi duka, amma sai da na zama baƙauya a gaban yaran da na girme wa. A rumfa ta biyu na samu mai araha, har na fara kwance bakin jakata, sai ɗan baffana ya yi dariyar nan tasa.

"Wagga ta hi araha, gaskiya ta. Amma rezonta ba shi kai garinmu."

"To me ya sa ba ka faɗa ba tun ɗazu?"

"Ba ki tambaya ba."

Wanda ke kaiwa garin nasu shi ne mai tsada, kamar da gangan. Na yi ciniki har muryata ta dushe, mai rumfar yana shan shayinsa yana cewa ba shi ya sa kuɗin ba. A ƙarshe aka buɗe layin da katin ɗan baffana, na sayi mafi ƙanƙantar forfe da aka tabbatar mini zai ɗauki kiran bidiyo mai ɗan tsawo. Abin da ya rage a hannuna kuɗin motar komawa ne da ɗan abin da ba a rasa ba. Na kashe datar nan da nan, na tura wayar ƙasan jaka, na ɗora zane a kai.

Ranar Alhamis da azahar muka isa ƙauyen a kan babur ɗinsa, ta hanyar da ba komai sai jajayen duwatsu da ƙaya. Zan faɗi gaskiya, an karɓe ni. Matar baffa, wadda kowa ke kira Inna, ta rungume ni tana kuka, aka dama fura da nonon da ban taɓa shan irinsa ba. Baffa yana zaune a zaure a kan buzu, tsoho siriri, ƙafafunsa sun daina kai shi nesa. Da na ga hancinsa da goshinsa sai na ga kamar mahaifina ne zaune. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni. Ya daɗe yana jan carbi.

"Shina da rai ke nan," ya ce. "To. Allah shi kai mu goben."

Inna ta matse hannuna. Daga baya ta ce mini wannan amincewa ce, kuma ba ta taɓa zaton za ta ji ta ba. Sai dai rezo ba ya sauka cikin gari. Akwai wani tudu a bayan rijiyoyi, mai bishiyar aduwa guda ɗaya a kai, can kaɗai waya ke kamawa. Aka ce da safe za a ɗora baffa a amalanken jaki a kai shi.

Bayan la'asar na ce bari in hau tudun in gwada, don kada gobe a ji kunya. Ban lura da cewa mata suna fitowa daga gidaje suna bin bayana ba, kowace da waya ƙulle a gefen zane. Da na gan su, na ɗauka kallon baƙuwa suka zo yi. Abin da ban sani ba, kuma ba wanda ya ga ya dace ya gaya mini, shi ne garin kusan ba maza. Suna Abijan, suna Libiya, suna wuraren da ban taɓa jin sunansu ba. Saƙon murya suke aikowa, sai ya taru a sama yana jira. Duk wanda ya zo daga birni da forfe a wayarsa, al'ada ce ya hau tudun ya buɗe wa kowa ya sauke nasa. Ba a roƙo, ba a godiya ta musamman, kamar yadda ba a roƙon guga a bakin rijiya. Ɗan baffana kuwa tun a hanya ya aika cewa baƙuwa ta zo da forfe.

Na kunna, sabis ya kama. Sai ɗan baffana, wanda shi ma ya biyo ni, ya miƙo hannu.

"Kawo in buɗa ma Inna, ta ji ƙanena. Ɗaya tak."

Inna ce, wadda ta shayar da ni fura. Na ba shi. Na juya ina kallon garin daga sama, ina ƙoƙarin gane ko ta wace hanya mahaifina ya fita. Sai na fara jin muryoyin maza a bayana, ɗaya, biyu, sannan da yawa a lokaci guda, wani yana sallama, wani yana tambayar awaki, wani yana tari. Na waiwaya. Mata sun fi goma sha biyar sun kewaye shi, har da wasu Buzaye biyu daga rugar da ke gefe, kowace ta manna waya a kunne, wasu suna dariya, wata tana share hawaye. Shi kuma yana tsakiya yana karanta musu lambobin sirri kamar mai rabon goron suna.

Na fizge wayata. Saƙo ya riga ya shigo da Faransanci, ban iya karanta shi ba, amma lamba ba ta da yare. Abin da ya rage ko gaisuwa ba zai kai ba.

Idona ya rufe. Na san halina, ɗalibaina ma sun sani, amma ranar na wuce inda na saba tsayawa. Na kashe datar, muryoyin da ba su gama sauka ba suka tsaya. Na ce da ɗan baffana ɓarawo ne mai dariya. Sannan na juya kan matan.

"Ku kuma ba ku da kunya? Mazanku sun gudu sun bar ku, ko kuɗin da za ku ji muryarsu ba su iya aiko muku ba, sai ku zauna kuna jiran baƙo ya zo ku cinye shi! Da suna son ku da sun dawo!"

Wata yarinyar mace mai goyo, wadda daga baya na ji surukar baffa ce, ta tsaya tana kallon wayarta. Mijinta ya shiga Libiya, an yi watanni ba labarinsa, ranar ne aka ga saƙo daga wata baƙuwar lamba, ya sauka rabi na yanke shi. Ta ƙulle wayar a zane ta fara gangarawa, sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Inna ce ta ƙarshe.

"Da kin hwaɗa muna, ɗiyata," ta ce. "Mu ba mu san auna shi akai ba."

Har yanzu ina jin haushinsu, ba zan ɓoye ba. Sun san abin da ya kawo ni. Ɗan baffana yana tsaye na yi cinikin nan, ya ga abin da ya rage a jakata, ya san na mutum mai jiran mutuwa ne. Ba wanda ya taɓa ba ni haƙuri a kan wannan, kuma ina ganin ina bin su wannan bashin kamar yadda suke bina. Amma haushin da nake ji nasu bai kai rabin wanda nake ji na bakina ba.

Da asubar Juma'a na samu wani mai babur, ba ɗan baffana ba, domin shi ya daina kallon inda nake. Ya kai ni Barmou. Na tashi mai shago daga karin kumallo, na zuba masa kuɗin motar komawata, ban yi ciniki ba, ya sa mini forfe wanda ya ninka na farko. Na ce yadda zan koma gida Allah ya sani. Muka dawo rana ta ɗan ɗaga, ina ta duba ko an ɗaura jaki.

Amalanken yana jingine a bango, jakin yana cin kara. Na shiga zaure na durƙusa.

"Baba, na samo. Yanzu akwai da yawa, har matan ma su sauke nasu. Lokaci ya yi, yana can yana jira."

Bai dube ni ba. "An gaya mini abin da kinka ce bisa tudu."

"Baba, raina ne ya ɓaci. A yi mini aikin gafara."

"Ke na yahe miki, baƙuwa ta ke, ba ki san mu ba." Ya ajiye carbin a kan buzu. "Amma bakin ga na san shi. Na aza tsuhwa da ciwo sun kashe shi, ashe haihuwa yai a Zariya. Jiya na so in ga ƙanena. Yau na tuna mi as sa ban nemai ba."

Na roƙe shi. Na yi kuka, na kama ƙafarsa, na ce laifina ne ba na mahaifina ba, na ce mutumin nan ba zai ga damina ba. Inna ta sa baki daga bakin ƙofa, ya ɗaga mata hannu ta yi shiru. Ya ce a ba ni fura in sha kafin in kama hanya. A raina na zage shi, tsoho mai taurin zuciya, wanda zai hukunta marar lafiya da laifin 'yarsa. A fili ban ce komai ba, karon farko a tafiyar, lokacin da shirun ba shi da sauran amfani.

Na hau tudun ni kaɗai. Ba macen da ta biyo ni, ko da yake na aika a gaya musu su zo in buɗe musu. Sabis ya cika, kiran ya shiga a bugu ɗaya, hoton ya fito tas kamar a ɗaki ɗaya muke. Ƙanwata ta jingina shi da matasai. An yi masa aski, an sa masa farar rigarsa ta Idi da hula, har da turare na san an fesa masa, kamar ana jin ƙamshi ta waya. Bai kalle ni ba, bayan kafaɗata yake leƙe.

"Ina yaya?"

Na shirya ƙarya tun daga ƙasan tudu, cewa baffa ya kwana da zazzaɓi. Na buɗe baki ta ƙi fita. Ya dawo da idonsa kaina, ya daɗe yana dubana da idon nan guda da ke buɗewa sosai.

"Me kika ce musu?"

Ban tambaye shi yadda ya sani ba. Na faɗa masa duka, kalma bayan kalma, ban rage ba. Ƙanwata ta ce innalillahi. Shi bai yi faɗa ba. Ya ɗaga hannunsa mai lafiya a hankali, ya cire hular, ya ajiye ta a cinya.

"Juya wayar in ga garin," ya ce.

Na juya. Rufin ƙasa, rumbuna, rijiyoyi, zauren yayansa da amalanke a jingine. Ban san iya abin da ya gani ba, na dai riƙe, ina jin numfashinsa.

"Ya isa," ya ce. "Kashe, 'yata, kada datarki ta ƙare."